Zangarniya Bakwai a Wuyan Kulu

A ƙauyenmu, can gefen Dumega, an san kakata Hajo da rowa iri ɗaya tak, rowar ƙarshen tatsuniya. Sauran tsofaffi in sun ɗauko labari sai sun kai shi har gida, sun rufe, yara su watse da dariya. Ita kuwa takan kai shi daidai inda ya yi zafi, sai ta tsaya, ta ɗauki tsinke tana gyara itace cikin wuta kamar ba ita ke magana ba. Mu yi ta roƙo, ta yi kunnen uwar shegu da mu. In ta ga mun gaji sai ta fara nuna mu da tsinken nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi hukuncin da zai yanke da shi ne alƙali.

Da damina muka fi jin daɗinta. Ana gama cin tuwo, sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ɗanyen ganye don hayaƙi ya kori sauro. Mu kuma mu kewaye ta, ni da yayana Nomau da ƴaƴan baffanmu da na maƙwabta, idanu na hawaye saboda hayaƙi amma ba mai matsawa. Tana da nata buɗin da ba na kowa ba. Takan ce, "Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri." Mu amsa, "Ta shigo, an yi mata shimhiɗa." Daga nan ko tari ba a yi.

Doka ɗaya gare ta a bakin wutar nan: ba a cewa "ni ma haka." In ka maimaita abin da na kusa da kai ya faɗa, sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Wanga na Nomau na. Ina naka? Ko ka baro kanka cikin ɗaki?" Ba ta taɓa cewa wane ya yi daidai, wane ya yi kuskure ba. Ko hukuncinka ya karkace, in dai naka ne kuma ka faɗi dalili, za ta gyaɗa kai ta wuce. Abin da ba ta yafewa shi ne aron baki.

Ni Rakiya, wannan doka ba ta taɓa damuna ba, don baki kam Allah ya ba ni tun ina ƴar mitsitsiya. In tsinke ya zo kaina sai in faɗi abin da zai sa a yi dariya, in tsira. Ni ce kuma zabiyar gaɗa a unguwarmu, ina da shekara goma ko sha ɗaya, har ƴan matan da suka girme ni suna yi mini amshi. In na ga mutum ya yi tuntuɓe da safe, kafin azahar na ɗinka masa waƙa. Ina jin kaina ƙwarai da gaske, ba zan ɓoye ba.

Akwai wata al'ada a wurinmu da ya kamata in bayyana, don a kanta komai ya faru. In hatsi ya fara nuna kuma rumbuna sun yi fayau, mai jin yunwa yana da izinin shiga gonar kowa, ya karya zangarniya, ya hura ƴar wuta nan cikin gonar, ya gasa tumu ya ci har ya ƙoshi. Mai gona ko ya tarar da shi sai dai ya ce masa sannu. Amma ko zangarniya ɗaya ya ƙetare iyakar gona da ita, sunansa ɓarawo. Hukuncin ɓarawo kuwa, a rataya masa abin da ya sata a wuya, makaɗi a gaba, yara a baya suna waƙa suna yi masa eho, a zaga da shi lungu-lungu. Ba duka, ba ɗauri. Amma ban taɓa jin wanda aka zaga da shi ya ƙara wata guda a garin ba. Na ƙarshe da aka yi wa, wani mutum ne da ya saci akuya, ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki, har ya mutu ba a sake ganin ƙeyarsa ba.

Shekarar da nake ba da labari ta zo mana a karkace. Fara ta cinye hatsin bara. Ɗan abin da aka tsira da shi kuma an ɗebi rabo an zuba a rumbun tsimi, wanda Anasara suka sa kowane gari ya gina, aka liƙe bakinsa da laka, ba mai buɗewa sai kumandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya ce. Ga hatsi muna kallo, ga mu muna cin tafasa da dusa. Babanmu, Bagudu, an kwashe shi aikin hanya na tilas daidai saukar ruwan shuka, bai dawo ba sai da hatsin kowa ya kai gwiwa. Duk gonarmu ta makara, in ban da wani ɗan yanki a gindin gawo da innarmu ta shuka ita kaɗai. Wannan yankin ne ya fara nuna, kuma a kansa idon gidanmu duka yake.

A nan baba ya kama Kulu. Maƙwabciyarmu ce, mace mai kunya wadda ko gaisuwa ba ta ɗaga murya. Ya gamu da ita a kan turba, ta riga ta fito daga gonar, ƙugunta ya yi tudu. Da ya yi mata tsawa zane ya saki, zangarniya bakwai suka zube ƙasa. Ba ta yi musu ba. Ta ce mijinta Dambo za ta gasa wa, kurkunu ya kwantar da shi ƙafa biyu tun farkon damina, kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan ganye.

Dattawa suka zauna da la'asar. Baba ya ce in ba a yi masa hukunci a gida ba, gobe zai kama hanyar Dogon Dutsi, ya kai ƙara wajen kumandan. Mai gari kuwa ba abin da yake tsoro kamar wannan, don kumandan bai san bambancin tumun gona da na gida ba, kaso kawai ya sani, kuma duk ranar da gardi, dogarin kumandan, ya shigo gari sai kaji sun ƙare, an kuma tafi da maza. Saboda haka aka yanke: gobe da hantsi a zaga da Kulu. Kowa ya san ma'anar haka. Za ta bar garin, Dambo kuma ba shi da mai ba shi ko ruwa sai ita.

Ni fa murna nake yi. Kafin rana ta faɗi na gama ɗinka waƙata, har na gwada wa ƙawayena a bayan shinge, suka yi ta faɗuwa don dariya:

Kowa na rama bana,
Kulu ɗai ta yi ƙiba,
Ku taɓa ƙugun ku ji,
Ƙibar tana da ƙaiƙayi.

Da yammar nan, bayan mun lashe ɗan abin da aka samu, Kaka ta hura wutarta kamar kullum. Ba ta ambaci Kulu ba ko sau ɗaya. Ta ce ga ta nan tahe, muka yi mata shimfiɗa.

Ta ce wata shekara ruwa ya ƙafe a daji kaf, sai namun daji da tsuntsaye suka haɗu suka haƙa rijiya guda. Da ruwa ya fito, zaki ya kafa doka: kowa ya sha da bakinsa a bakin rijiya iya cikinsa, amma ba mai tafiya da ko ɗigo. Wanda ya karya, in mai gashi ne a fige shi tas. Aka naɗa kurege mai gadi. Ana nan, kurege ya lura makwarwa in ta zo shan ruwa takan daɗe tana tsoma ƙirjinta, sa'an nan ta tashi da nauyi. Ya bi ta a ɓoye, sai ya tarar da ƴaƴanta uku a gindin sabara, ba su yi fiffike ba, suna tsotsar ruwa daga gashin ƙirjinta. Kurege ya ji tausayi, amma an ba shi amana, ya je ya faɗa.

A gaban zaki makwarwa ta ce ta yi. Zaki ya auna maganar. Ya ce in ya ƙyale ta, gobe giwa za ta cika hancinta ta ce tana da tsohuwa a gida, jibi raƙumi ya zo da salka, kwana uku rijiya ta ƙafe kowa ya mutu. In kuma ya fige ta, ba za ta iya tashi ba, ƴaƴanta sun mutu ke nan. Daga ƙarshe ya zaɓi doka. Amma don kada alhakin ya hau kan mutum ɗaya, ya ce tsuntsaye su yi layi, kowa ya zare gashi guda ɗaya kawai ya wuce.

Nan Kaka ta tsaya, ta ɗauki tsinkenta.

"Yau ba zaki nika tambaya ba," in ji ta. "Zaki ya gama nashi. Kai na ɗan tsuntsun da ag gaban layi. Ga makwarwa tsaye. Mi za ka yi?"

Ta fara da Nomau. Shi yana da sha huɗu a lokacin, kuma shi ya taya inna noman yankin gawon nan har hannunsa ya yi kanta. Bai yi jinkiri ba.

"In zare, Kaka. Doka ta. Da ta tambayi zaki tun hwarko."

Kaka ta gyaɗa kai. Dije ƴar baffanmu ta ce ita za ta yi kamar ta zare amma ta zari nata gashin. Wani yaro ya ce zai gudu ya ɓuya. Wani ya ce kurege ya kamata a fige, munafuki. Aka zo kaina. Na buɗe baki na ce ni zan zari na wutsiya don in yi mafici da shi. Yara suka tuntsire da dariya. Kaka ba ta ko murmusa ba.

"Wanga na masu dariya na," ta ce. "Ina naki?"

Na ce ai gashi ɗaya ne kawai, ba ya kisa.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Kaka ƴar Lugu ce, tana budurwa lokacin da Anasara suka zo da bindigogi aka ƙone garinsu, kuma ba ta yarda a yi mata wannan zance. Amma ran nan ta dubi wuta ta ce, a hankali, "Ran da anka ƙone muna gari, ni da idona na gani. Masu sa wuta da yawa baƙaƙe na awa mu. Kowane kara guda ɗai yar riƙa."

Ta sake nuna ni da tsinke. Na nemi abin faɗi na rasa, ni da ba a taɓa rufe wa baki ba. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, har na ji hawayen da ba na hayaƙi ba. Ta jira, ta jira, sa'an nan ta ce to, tatsuniyar ga ba ta ƙare ba, tana nan buɗe sai Rakiya ta kawo nata. Ta kore mu. Tunda nake ban taɓa ganin ta bar tatsuniya ta kwana a buɗe ba sai ran nan.

Da sassafe ta kira ni, ta ba ni ƙunshin ganye, ta ce in kai wa Dambo a dafa a wanke masa ƙafa. Na so in ce a aiki wani, amma ba a yi wa Kaka haka. Na tafi ina jan ƙafa.

Kulu ba ta nan, an riga an kai ta gidan mai gari. Na tarar da Dambo a kan gadon kara a ƙarƙashin rumfa. Mutumin da a da yake ɗaukar dami biyu a kai, ga shi haƙarƙari a waje. Ƙafafunsa sun kumbura, a kowace an naɗe farin zaren kurkunu a jikin tsinke, ƙudaje na bi. Na ajiye ganye zan juya, sai ya kira sunana.

"Rakiya, an ce ke za ki ba da waƙa yau."

Na sunkuyar da kai.

"Ba komi, ɗiyata, an sa ki na. Roƙona guda, ki ce ma makaɗi kada a biyo ta ƙohwar gidan ga. Ba ta son in gani." Ya kori ƙuda. "Ni nac ce mata yunwa nika ji. Da na yi kurum. Kin ga da ƙahwahun ga na tashi, da kaina za ni gonar babanki in ci in ƙoshi, shi ishe ni shi ce mini sannu."

Na fito da wannan magana tana yi mini yawo a kai. Cikin da aka yarda ya ci, shi ne ba shi da ƙafa. Ƙafar da ta je kuma, ba don cikinta ta je ba. Na juya ta nan, na juya ta can. Na tuna hannun Nomau da idon inna in ta dubi rumbunmu, na ga baba bai yi ƙarya ba, an cuce shi. Na tuna haƙarƙarin Dambo, na ga Kulu ba muguwa ba ce. Karo na farko a rayuwata na ji abu biyu masu gaskiya suna ja-in-ja a cikina, kuma ba wanda zan ara wa baki.

Da hantsi dandali ya cika. Aka fito da Kulu, an ɗaure zangarniyun nan bakwai da igiyar rama an rataya mata, kanta a ƙasa, lulluɓinta har goshi. Tanko makaɗi ya gyara gangarsa. Yara suka taru a bayana, mun fi ashirin, kowa na jiran in ɗaga murya su amsa. Baba na tsaye kusa da mai gari, ya harɗe hannu.

Tanko ya buga share fage ya dube ni. Ban buɗe baki ba. Ya sake bugawa, ya ɗaga mini gira. Waƙar tana nan a kan harshena, kuma wallahi mai daɗi ce, na san in na sake ta garin nan zai yi shekara yana rerawa. Ya buga na uku. Sai ya sauke gula.

"Ɗiyar Bagudu," in ji mai gari, "mi ya hwaru? Kin haɗiye harshe?"

"Ba ni yi, ranka shi daɗe."

Ban yarda na dubi wajen babana ba.

"Ba ki yi? Don mi?" in ji mai gari.

Muryata ta fito ƴar siririya, ba irin ta gaɗa ba. "Mai gari, in mai yunwa yac ci cikin gona, ya yi sata?"

"Bai yi ba."

"To Dambo ad da yunwa. Ƙahwa ta babu. Mu kai shi gonar mana."

Wani ya fashe da dariya a baya, wasu suka bi. Mai gari bai yi ba, ya kama gemunsa yana kallona. Babana ne ya yi magana, cikin fushi.

"Hatsina da anka hitar hwa? Shi ke nan ya tahi banza?"

"Ta yi laihi, Baba, ba ta tambaye ka ba," na ce, hawaye sun fara zuba. "Ta yi muna korar tsuntsu har a yi girbi. Amma in mun yi mata eho za ta bar gari, Dambo shi mutu. Hatsi bakwai na. Ni ba ni waƙa."

Mai gari ya juya ga sauran yara, ya ce to wata ta ba da waƙar. Nan ne na ga amfanin hayaƙin da muka sha shekara da shekaru. Dije ta ce ita murya ta dishe mata, alhali da safen nan na ji tana kiran awaki tun daga rijiya. Wata ta ce Kulu ce ta yi mata kitso da salla, ba ta iyawa. Wani yaro ya ce shi dai in za a ɗauki Dambo yana so ya riƙe ƙafar gado. Ba wanda ya ce "ni ma haka," kowa da nasa. Aka zo kan Nomau, ya ce shi har yanzu a ganinsa wanda ya karya doka a hukunta shi, amma shi ba ya iya waƙa, kowa ya sani, jaki ma ya fi shi.

Baba bai sauko ba. Yana tsaye, jijiyar wuyansa ta miƙe, ga mutane na kallo, ga ƴarsa ta cikinsa ta tsaya masa a gaba. Sai muka ji muryar Kaka daga bayan mata. Ba da shi take ba, da iska take magana.

"Ni dai tsohuwa ta, amma kusurwa guda ta gadon kara ba ta hi ƙarhina ba."

Ta juya ta nufi gidan Dambo tana dogara sanda. Wane ɗa ne zai tsaya uwarsa ta ɗauki ƙato a kai gari na kallo? Baba ya yi tsaki mai ƙarfi, ya wuce ta da sauri. Nomau ya bi shi. Mai gari ya sauke ajiyar zuciya, na tabbata har da ta gardin da ba zai zo ba, ya matsa ya cire igiyar daga wuyan Kulu da hannunsa. Ya ce hukuncin ya sauya: hatsi ya koma inda ya fito, Kulu kuma ta tsare gonar Bagudu daga tsuntsu har ranar girbi.

Zagayen da aka shirya sai da aka yi shi, amma ba irin wanda aka shirya ba. Maza huɗu ɗauke da gado, baba a kusurwar gaba yana ta faɗa wai Dambo ramammen banza ne mai nauyin tsiya, Dambo a sama yana riƙe da ƙafa yana dariya yana kuka. Tanko ya ga ba zai koma gida da ganga a banza ba, ya saki kiɗa. A nan ne bakina ya buɗe. Ban shirya ba, ta zo da kanta:

Ku kauce, ku ba mu hanya,
Ciki za shi gona,
Ƙahwa ta ƙi, mun ara mai,
Ciki za shi gona!

Yara suka amsa har garin ya ɗauka. Mata na guɗa a bakin shinge, tsofaffi na fitowa suna tambayar wa aka yi wa aure. Ban taɓa waƙa da daɗi kamar ta ran nan ba, kuma ban ƙara yin irinta ba. Aka sauke Dambo a inuwar gawo, aka hura wuta, Kulu ta gasa zangarniyun nan bakwai a cikin gonar da suka fito. Baba ya tsaya yana kallo, can ya shiga cikin hatsi ya karyo ta takwas, ya jefa mata ba tare da ya dube ta ba, ya ce ita ma ai ciki gare ta.

Da yamma Kaka ta nuna ni da tsinke tun kafin in zauna. Na ce ni ba zan zare ba, zan ce wa tsuntsaye mu ɗauko ƴaƴan makwarwa mu kawo su bakin rijiya, ita kuma ta yi kwana bakwai tana yasar rijiyar don ba ta tambaya ba. Kaka ta ce, "To, wanga naki na." Ta rufe tatsuniyar, ta ce ta tahi ta bar muna kan ɓera mu raba. Ba ta yabe ni ba, ba halinta ba ne, amma ta ba ni ƙanzon tukunyarta ni kaɗai.

Ban tsira haka kawai ba. Baba ya yi kwana huɗu bai amsa gaisuwata ba. A na biyar ya ce mini gobe in ina da magana in faɗa masa a cikin gida kafin in kai shi dandali. Da na girma na ga yana da gaskiya a nan ma, kuma da na san haka da na same shi tun da safe. Nomau kuwa har ya tsufa bai sauka daga ra'ayinsa ba. Yakan ce ni ba tausayi ya sa ni ba, korar tsuntsu ce aikina na ɗora wa Kulu. Yakan kuma tuna mini cewa daminar da ta biyo, da ɗaukar marasa lafiya zuwa gona ya zama abin yi a garinmu, an sami ƙato biyu da suka kwanta suna nishi don a ɗauke su. Wannan gaskiya ne, ɗaya ma surukinsa ya zama. Muna haɗuwa sai mun tayar da gardamar nan, jikokinmu na dariya.

Na daɗe ina zaton abin da Kaka ta koya mini shi ne tausayi. Daga baya na gane ba shi ba ne, don Nomau bai zaɓi tausayi ba kuma ba ta taɓa ƙin nasa ba. Abin da take so shi ne kada a sa hannunka cikin hukunci kai kuma kana can wani wuri. Na zauna cikin sasanta mata da yawa a rayuwata, na yi daidai, na kuma yi kuskuren da har yau yake cina. Amma ban ƙara yanke wa mutum hukunci ban je na ga inda yake kwana ba, kuma duk lokacin da aka ce mini nawa kaɗan ne, kowa ma yana yi, sai in ji gabana ya faɗi.

Dambo ya warke bayan girbi, ya ƙara shekara goma sha wani abu a duniya. Kulu ba ta bar garinmu ba. Da ta manyanta sai ta zama ungozoma, hannunta ya yi suna har ƙauyukan kewaye. Haihuwata ta fari ta zo da gardama, cikin damina, ruwa ya yanke hanyar Dogon Dutsi, yarinya ta zo a gicciye. Tun safe har rana ta take tsaka Kulu na durƙushe a kaina, tana murza, tana juyawa, innata ta riga ta fita waje tana salati. Ba don wannan rana na yi shiru a dandali ba, yarinya ƴar shekara goma ba ta san da ita ba. Amma da na buɗe baki da waƙar eho a dandalin ran nan, da babu kowa a ɗakin.

Da yarinyar ta faɗo ba ta yi kuka ba. Kulu ta ɗaga ta da ƙafa, ta hura mata hanci, ta ɗan mare ta a baya. Tsawon shekarun nan ba ta taɓa yi mini zancen zangarniya ba, ko da wasa. Sai na ji ta tana cewa:

"Haba ɗiyar zabiya. Uwarki ta yi mini shirun, ya isa. Ke buɗa baki."

Yarinya ta tsala ihu har aka ji a rijiya.